Damben Boksin Don Lafiyar Jiki: Inda Sabon Shiga Zai Fara

Da asubahin ranar 30 ga Oktoban 1974, a birnin Kinshasa na ƙasar da ake kira Zayar a wancan lokaci, George Foreman da Muhammad Ali suka sa zare. Foreman yana da shekara 25, ya yi dambe 40 ba a taɓa doke shi ba, kuma 37 daga ciki ya gama da abokan karawarsa tun kafin lokaci ya cika. Ali kuwa shekararsa 32, har ana cewa zamaninsa ya wuce. Bayan turmin farko, sai Ali ya jingina da igiyar fili, ya kare fuskarsa da hannu biyu, ya ƙyale Foreman yana ta jibgar damatsansa da haƙarƙarinsa. Kafin a kai turmi na takwas hannuwan Foreman sun yi nauyi, ƙafafunsa sun saki. A nan Ali ya sakar masa jerin naushi, sai ga ƙato a ƙasa.

Ƙarfin Foreman yana nan a jikinsa a daren. Numfashi ne ya ƙare masa. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban buhun naushi a ranarsa ta farko ya ɗanɗani irin wannan. Saurayi majiyi ƙarfi, wanda zai iya ɗaukar buhun masara ya ɗora a mota, sai ka ga bai cika minti ɗaya ba ya fara haki, kafaɗunsa na zafi, hannuwansa sun sauko daga fuska ba tare da ya sani ba. Wannan gajiyar ita ce ta sa mutane da yawa a duniya suke zuwa gidajen koyon boksin alhali ba su da niyyar hawa fili su kara da kowa. Ma'aikatan ofis da masu neman rage ƙiba da 'yan wasan ƙwallo, abin da suke nema a wajen shi ne atisayen kawai, domin yana aiki da zuciya da huhu da ƙafa da ƙugu da kafaɗa a lokaci guda, kuma kayan aikinsa ba su da yawa.

Bahaushe ba baƙon dambe ba ne. Tun zamanin da mahauta ke yawon dambe gari-gari bayan kaka, har zuwa yau da ake cika dandalin Ado Bayero a Kano, ya san ƙarar kalangu da kirari, ya san ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada da Jamus, ya kuma san sunan Shago ko da ta bakin Ɗan Anace ne. Sai dai wanda ya taso yana kallon damben gargajiya dole ya sauke wasu abubuwa kafin ya koyi na zamani. Ɗan damben gargajiya hannu ɗaya yake naɗewa da kara, ya miƙa ɗayan gaba yana auna tazara da kare kai, ya buɗe ƙafa sosai, yana dakon damar da zai kai naushi guda mai kisa. A boksin hannu biyu ne ke aiki, tsayuwa a tsuke take, naushi a miƙe yake fita ya dawo, kuma ƙafa ba ta zama wuri ɗaya. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne turmi. Damben gargajiya turmi uku ne, haka ma damben boksin na 'yan wasan da ba su zama ƙwararru ba, irin wanda ake yi a gasar Olamfik.

Tsawon turmin boksin ya samo asali ne daga dokokin Queensberry da aka buga a Ingila a 1867. Su ne suka wajabta sa safar hannu, suka ƙayyade minti uku na dambe da minti ɗaya na hutu, suka kuma kawo ƙirga goma ga wanda ya faɗi. Yau fiye da shekara 150 ke nan, amma a kan wannan agogo ake gina kusan kowane atisaye a gidan boksin: tsallen igiya minti uku, hutu ɗaya, naushin iska minti uku, hutu ɗaya, haka har a tashi. Amfanin tsarin ga lafiya a fili yake. A cikin minti ukun bugun zuciya yana hawa sama, a minti ɗayan ya fara sauka, kafin ya gama sauka an sake tayar da shi. Zuciyar da ake yi wa haka sau uku a mako tana koyon tura jini mai yawa a kowane bugu, tana kuma koyon komawa daidai da wuri. Bayan 'yan makonni mutum zai lura cewa hawa bene ko bin ƙwallo ya daina sa shi haki irin na da. Ɗan ƙwallon ƙafa ma irin aikin da wasansa ke nema ke nan: gudu mai tsanani na ɗan lokaci, ɗan sarari, sannan wani gudun.

Sabon shiga ba zai fara da minti uku ba. Minti ɗaya ko ɗaya da rabi ya ishe shi a makon farko.

Darasin farko a wajen duk kocin da ya san aikinsa shi ne tsayuwa, kuma a nan ne masu gaggawa ke gundura. Sun zo ne su kai naushi, sai a ce su tsaya gaban madubi. Mai amfani da dama yana sa ƙafar hagu gaba, bahago kuwa ya sa ta dama. Tsakanin ƙafafun ya kai faɗin kafaɗa, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, dunduniyar ƙafar baya a ɗan ɗage, nauyin jiki a rabe tsakanin ƙafa biyu. Haɓa a sunkuye take kamar an maƙale lemo tsakaninta da ƙirji, hannuwa a dunƙule kusa da kumatu, gwiwoyin hannu na rufe haƙarƙari. Idan za a matsa gaba, ƙafar gaba ke fara tafiya ta baya ta biyo ta. Idan baya za a ja, ta baya ke farawa. Haka ma hagu da dama, ƙafar da ke kusa da inda aka nufa ita ke fara motsi. Ba a harɗe ƙafafu, ba a kuma haɗe su wuri ɗaya, domin wanda ya yi haka turi kaɗan zai kai shi ƙasa. Mutum zai iya kwashe sati biyu a kan wannan taku kaɗai, kuma bai yi asarar lokaci ba. Cinyoyinsa da sha-raɓarsa za su shaida masa cewa aiki ake yi.

Dalilin ba wa ƙafa wannan muhimmanci shi ne daga ƙasa naushi ke tasowa. Ƙafar baya ta tokari ƙasa, ƙugu ya juya, kafaɗa ta biyo, hannu ne na ƙarshe, shi ke isar da saƙo. Wanda ke naushi da damtse kaɗai zai gaji da wuri, naushinsa kuma ba nauyi. Shi ya sa washegarin atisayen kirki mutum kan ji tsami a ciki da gadon baya da kwiɓi fiye da yadda yake ji a hannu.

Naushin kansa kala huɗu ne, sauran duk rassansu ne. Na farko shi ne jab, wanda hannun gaba ke fita a miƙe ya dawo kumatu da sauri. Ba shi ne mai kisa ba, amma shi aka fi jefawa, da shi ake auna tazara, kuma a kansa Ali ya gina yawancin damben da ya yi. Na biyu shi ne miƙaƙƙen naushin hannun baya, wanda ƙugu da dunduniya ke juyawa tare da shi. Na uku huk, mai zuwa ta gefe da gwiwar hannu a lanƙwashe. Na huɗu afakot, mai tasowa daga ƙasa. Kociyoyi suna ba su lambobi don sauƙin kira, sai ka ji ana cewa "ɗaya-biyu" ko "ɗaya-ɗaya-biyu". Wata guda cur sabon shiga zai iya yi a kan ɗaya da biyu kawai. Abubuwa biyu ake yawan gyara masa. Yakan riƙe numfashi idan zai kai naushi, alhali kamata ya yi ya fesar da iska kaɗan ta baki tare da kowane naushi, wato sautin nan da ake ji 'yan dambe na yi. Yakan kuma bar hannun da ba ya aiki ya sauka ƙirji, ya bar fuska a buɗe.

Tsallen igiya, wanda a unguwanninmu ake ɗauka wasan 'yan mata ne, yana cikin manyan ginshiƙan horon ɗan dambe, har da zakarun ajin masu nauyi. Yana koya wa mutum tsayuwa a kan gaban tafin ƙafa, yana ƙarfafa idon sawu, yana haɗa motsin hannu da na ƙafa a kan kiɗa ɗaya. Ana auna igiyar ne ta taka tsakiyarta, idan bakinta biyu sun kai hammata to ta yi. Tsallen ɗan kaɗan ne, iyakar yadda igiya za ta wuce, kuma wuyan hannu ke juya ta. Wanda ke da ƙiba sosai ko ciwon gwiwa gara ya fara da tafiya mai sauri, ya bar igiya sai jiki ya saba. Sai naushin iska, inda mutum zai ƙaddara akwai abokin karawa a gabansa, yana takawa yana kaucewa yana mayar da martani. Wannan ba ya buƙatar ko sisi. Tsakar gida ta isa, idan akwai madubi ko inuwar bango a ga kuskure to madalla.

Idan aka zo kan buhu, sai a yi hattara, domin a nan ne mafi yawan raunin sababbin shiga yake faruwa. Hannun ɗan Adam, daga wuyansa zuwa yatsu, ƙashi 27 ne ƙanana, ba a halicce shi don dukan abu mai tauri ba. Akwai wata karaya da likitoci suka laƙaba wa sunan karayar ɗan dambe, wato karyewar ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa, kuma takan samu wanda ya kai naushi a karkace ne. Naushin daidai yana sauka a kan gaɓoɓin manuniya da yatsan tsakiya, wuyan hannu a miƙe sambal, babban yatsa a waje yana kwance kan sauran. Kafin a sa safa sai an naɗe hannu da bandeji na musamman, wanda tsawonsa ga babban mutum kan kai kimanin mita huɗu da rabi. Ana zagaya shi a wuyan hannu da bayan hannu da tsakanin yatsu don ya ɗaure ƙasusuwan wuri ɗaya. Ɗan damben gargajiya yana naɗa kara ne don hannunsa ya yi tauri, ɗan boksin kuwa yana naɗa bandeji don kada hannunsa ya karye. Safar kuma da awo ake sayar da ita. Don atisaye akan zaɓi mai lamba 12 ko 14 ko 16, kuma mai 16 ɗin nauyinta ya kusa rabin kilo. Ɗaga rabin kilo a kowane hannu na tsawon turmi shida aiki ne babba ga kafaɗa.

Kuskuren da ya zama ruwan dare a unguwanni shi ne a cika buhu da yashi zalla a rataye a bishiya. Yashi yana danƙarewa ya koma kamar dutse, musamman idan raɓa ta taɓa shi, kuma ba abin da zai haifar sai kumburin gaɓoɓi da targaɗen wuyan hannu. Buhunan da ake sayarwa yawanci da yankakkun ƙyallaye ake cika su. Duk telan unguwa yana da irin waɗannan ƙyallaye da yake neman inda zai zubar. A cusa su sosai a buhu mai ƙwari, in ana son ƙarin nauyi a sa ɗan yashi a leda a tsakiya inda hannu ba zai same shi ba. Kuma a tuna, ba a tura buhu, marinsa ake yi da naushi a janye hannu. Buhun da ke lilo da nisa alama ce ta mai turi.

Zama ɗaya na sabon shiga bai kamata ya wuce minti 40 ba. Yakan fara da ɗumama jiki na minti biyar zuwa goma, sassarfa a wuri ɗaya da juya kafaɗa da ƙugu. Sai turmi biyu na igiya, biyu ko uku na naushin iska, uku a kan buhu. Daga nan a koma ƙasa a ƙarfafa jiki: tashi-tsuguna, da kifa ciki a dogara da tafin hannu ana sauka ana tashi, da dogara da gwiwar hannu da yatsun ƙafa a riƙe jiki a miƙe na daƙiƙa 20 ko 30. A rufe da miƙa jijiyoyi. Kwana uku a mako, da hutun kwana guda a tsakani, shi ne daidai, domin a lokacin hutu da barci ne tsoka ke gyara kanta. Ka'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta nemi babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Wanda ya riƙe zaman nan uku ya kama hanyar cika duka biyun.

Masu neman rage tumbi su sani cewa jiki ba ya zaɓar wurin da zai ƙona kitse don an matsa wa wurin. Wanda ya yi gumi da safe ya koma ya zuba sukari cokali huɗu a shayi, ya bi da lemon kwalba da rana, zai daɗe bai ga canji ba. Mafi muni shi ne al'adar sa leda ko rigar sanyi a cikin rana don a yi gumi. Abin da ke fita ruwa ne, kuma yana dawowa da zarar an sha, amma kafin nan ƙoda ta wahala. A ƙasar da zafin watan Afrilu ke haura maki 40, bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya ne lokacin atisaye, da gorar ruwa a kusa. A watan azumi a sassauta, a mayar da mai nauyin bayan an sha ruwa. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko ciwon suga ko asma, da mai cutar sikila, da wanda ya haura shekara 40 bai saba motsa jiki ba, ya ga likita tukuna. Ciwon ƙirji ko jiri a tsakiyar turmi ba abin daurewa ba ne, tsayawa ake yi nan take. Ƙwayoyin da wasu matasa ke sha don kada su ji gajiya, irin su tramadol, rufe wa jiki baki suke yi a daidai lokacin da yake faɗar cewa an kai iyaka.

Sai batun da bai kamata a yi masa kwana-kwana ba, wato dukan kai. Tun a 1928 wani likita Ba'amurke, Harrison Martland, ya bayyana yadda tsofaffin 'yan dambe ke samun rawar jiki da sarƙewar magana da tangaɗi sakamakon naushin da suka sha. A 1982 ɗan damben Koriya ta Kudu Kim Duk-koo ya rasu 'yan kwanaki bayan karawarsa da Ray Mancini a Las Vegas, abin da ya sa aka rage damben kambu daga turmi 15 zuwa 12. Hular kariya tana rage fashewar fata, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a cikin ƙoƙon kai. Ga Musulmi kuma akwai hadisi ingantacce a Bukhari da Muslim da ya hana dukan fuska, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yi fatawa a 1987 tana haramta damben boksin a yadda ake yin sa a fagen gasa. Duk abin da aka zayyana a sama, daga igiya zuwa buhu, babu inda ake dukan mutum a cikinsa. Mai neman lafiya zai samu dukan amfanin ba tare da naushi ko ɗaya ya taɓa kansa ba. Don haka kocin da ya tura yaro ɗan sati biyu ya gwabza da wanda ya shekara yana yi, da sunan a ga ko yana da zuciya, ya cancanci a bar masa gidansa.

Shaidar cewa atisayen zai iya tsayawa da ƙafarsa ta zo daga inda ba a zata ba. A 2006 aka kafa wani shiri mai suna Rock Steady Boxing a birnin Indianapolis na Amurka, domin masu fama da cutar Parkinson, wato cutar rawar jiki da Ali ya rayu da ita tun daga 1984 har rasuwarsa a 2016. Tsofaffi maza da mata suna sa safa su naushi buhu, suna koyon taku, don su riƙe daidaiton tsayuwarsu, ba wanda ke dukan wani. Mata kuwa sun shiga damben Olamfik tun gasar Landan ta 2012, kuma uwargidan da ba ta son fita za ta iya yin igiya da naushin iska a ɗakinta.

Wanda ya fara don lafiya daga baya ya ga yana da baiwa, yana da waɗanda zai duba. Lambar Olamfik ta farko da Najeriya ta samu a dambe aka ciyo ta, tagullar da Nojim Maiyegun ya ɗauko a Tokyo a 1964. Ta farkon Nijar ma haka, tagullar Issaka Daboré a Munich a 1972, kuma ita kaɗai ƙasar ke da ita har zuwa 2016. Anthony Joshua, wanda iyayensa 'yan asalin Najeriya ne, sai da ya kai shekara 18 ya fara sa safa a kulob ɗin Finchley a Landan a 2007, bayan shekara biyar ya ci zinare a Olamfik. Irin wannan hanya tana da nata sharuɗɗan, da likita da alƙalin wasa da koci mai rajista, kuma shawara ce da mutum zai yanke idonsa a buɗe.

Ga mai karatu da ke son gwadawa, kada rashin safa ko buhu ya tsayar da shi. Ya samu igiya wadda ta kai masa hammata, ya saita agogon wayarsa a kan minti ɗaya na aiki da ɗaya na hutu, ya yi turmi uku na tsalle da uku na naushin iska gobe bayan sallar asuba. Idan ya riƙe haka sati biyu, sai ya ƙara rabin minti a kan kowane turmi.